Saƙon da bai isa Tumfure ba: tambayoyin da ke gaban jami'o'i kafin su sayi manhajar hulɗa da ɗalibai

Duk wanda ya shigo Gombe ta hanyar Bauchi sai ya ratsa Tumfure kafin ya kai tsakiyar gari. A takarda unguwar tana ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Akko ne, amma a zahiri ta daɗe da haɗewa da babban birnin, kuma tun bayan ƙirƙiro jihar a 1996 take ta cika da gidajen ma'aikata, na jiha da na tarayya. Inda ma'aikata suka taru kuwa, nan ake samun 'ya'yan da ke neman gurbin karatu. Shi ya sa da zarar kakar JAMB ta kama, shagunan intanet da na buga takardu da ke bakin titin sukan cika maƙil. Wannan na so a buga masa sakamako, wancan na so a sauya masa makaranta, wata kuma mahaifinta ne ya turo ta a duba ko sunanta ya fito.

A irin waɗannan shaguna, a Tumfure da sauran unguwannin Arewa, ake yin wani ƙaramin kuskure mai tsadar gaske. Idan aka zo cike fom ɗin tantancewa na makaranta, aka iso wurin lambar waya da adireshin imel, sau da yawa mai shago kan sa nasa, ko na yayan yarinya, don layi ya ragu. Bayan watanni makaranta ta aika saƙo cewa a zo tantance takardu ranar kaza, ko a ɗora sakamakon sakandare kafin a rufe shafi. Saƙon ya tafi, kwamfutar makaranta ta rubuta cewa ya isa, alhali ya sauka ne a wayar da mai gurbin ba ta taɓa riƙewa ba. Kafin labari ya zagayo, wa'adi ya wuce. Shekara guda ta tafi ke nan, tare da kuɗin fom da na darasin share fage.

Wannan giɓi ne masu sayar da manhajar kula da hulɗa, wadda aka fi sani da CRM, suke alkawarin cikewa idan sun shiga ofishin magatakarda ko na shugaban makaranta. Takardun neman amincewa da sayenta kuma kan biyo ta teburin ma'aikatan tarayya: jami'in saye da kwangila, mai duba kasafi, hadimin da ke rubuta wa maigidansa taƙaitaccen bayani kafin zaman kwamiti. Da yawa daga cikinsu iyaye ne, kuma sun san zafin saƙon da bai iso ba.

Ya kamata a fara da rarrabe abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Kusan kowace babbar makaranta tana da shafin rajista, inda ɗalibi ke biyan kuɗi, ya zaɓi darussa, ya duba maki. Wannan rumbun tarihin karatu ne. Ita manhajar hulɗa aikinta riƙe tarihin magana: wa ya tambaya, me ya tambaya, wane jami'i ya amsa, yaushe, kuma ina ƙorafin ya kwana. Tana bin mutum tun yana mai neman gurbi, ya zama ɗalibi, har ya zama tsohon ɗalibin da ke neman cikakkiyar takardar sakamakonsa daga Abuja ko Landan. Idan ɗan kwangila ya kawo shafin rajista da sabon fenti ya kira shi CRM, an sayi abin da ake da shi ne a karo na biyu.

Akwai kuma tarihin da ya kamata mai saye ya sani. Fitattun manhajojin wannan fanni, irin su Slate na kamfanin Technolutions, da Education Cloud na Salesforce, da CRM Recruit na Ellucian, an gina su ne domin kasuwar Amurka, inda makaranta ke farautar ɗalibi. A can haihuwa ta ragu bayan matsin tattalin arzikin 2008, kwalejoji na rububin matasan da suka rage, don haka manhajar ta ƙware wajen zawarci: ta aika imel, ta lura wa ya buɗe, ta sake aikawa, ta ƙiyasta wa zai amsa tayin. A Najeriya lamarin a juye yake. Kusan mutum miliyan biyu ke rubuta jarrabawar JAMB a shekarun nan, kuma jami'o'in gwamnati ba sa rasa masu nema. Jami'ar Jihar Gombe da aka kafa a 2004, da Jami'ar Tarayya ta Kashere da aka kafa a 2011, ba sa buƙatar su roƙi kowa ya nemi gurbin karatun likita ko na kimiyyar kwamfuta. Nauyin da ke kan irinsu shi ne su amsa wa dubban da suka riga suka ƙwanƙwasa ƙofa. Wanda ya biya kuɗin manhajar zawarci alhali matsalarsa cunkoso ce, ya sayi kandir ne a lokacin damina.

Sai dai ba duk makarantu ne ke cikin hali ɗaya ba, kuma a nan ne batun ya fi ɗaukar hankali. An daɗe da sanin cewa 'yan ƙalilan ne cikin masu rubuta JAMB ke sa kwalejin ilimi a matsayin zaɓin farko. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Gombe, wadda ke nan tun 1977, da Kwalejin Ilimi ta Jiha da ke Billiri, da Kwalejin Nazarin Lambu ta Tarayya da ke Dadin Kowa, da kwalejojin kimiyya da fasaha na Kaltungo da Bajoga, duk suna cikin rukunin makarantun da neman ɗalibi ke da ma'ana a gare su. Dokar 2023 da ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar bayar da digiri tare da NCE ta ƙara wa wannan nauyi, domin yaron da ke zaune a Tumfure bayan ya rasa gurbin jami'a ba lallai ne ya san cewa akwai hanyar digiri a cikin garinsu ba. Ga irin wannan makaranta, da kuma jami'o'i masu zaman kansu, manhajar da za ta gano shi ta yi masa magana da kyau tana iya biyan kuɗinta. Saboda haka tambayar farko da ta dace a rubuta a gefen takardar neman amincewa ita ce: wannan makarantar nema take yi, ko amsawa?

Abu na gaba shi ne iyakar ikon manhajar. Tun 2017, ƙarƙashin Farfesa Ishaq Oloyede, hukumar JAMB ta kafa tsarin CAPS, kuma duk gurbin da bai bi ta cikinsa ba haramtacce ne a wurinta. Makaranta ce ke gabatar da suna, JAMB ta amince, ɗalibi ya shiga ya karɓa ko ya ƙi. Waɗanda aka ɗauka ta bayan fage a shekarun baya sun ɗanɗana kuɗarsu lokacin da suka zo tafiya hidimar ƙasa, aka nemi sunansu a kundin hukumar aka rasa. Don haka babu manhajar da za ta ba kowa gurbi. Aikinta a nan ƙarami ne amma mai daraja: ta ga cewa an gabatar da sunan wance tun makonni biyu ba ta karɓa ba, ta tunatar da ita, idan shiru ya yi yawa ta sa sunan a gaban wani jami'i ya ɗaga waya ya kira.

Wannan kuwa ba zai yiwu ba sai bayanai na shiga manhajar daga inda suke. Ga jerin sunaye daga CAPS, ga shaidar biyan kuɗi ta Remita, wadda makarantun tarayya ke amfani da ita tun da aka tilasta asusun bai-ɗaya a 2015, ga kuma asusun lamunin karatu na NELFUND da ya buɗe shafinsa a watan Mayun 2024, wanda ɗalibi ba zai iya cin moriyarsa ba sai makarantarsa ta ɗora bayanansa daidai. Mai talla zai ce manhajarsa na haɗuwa da komai. Amsar da ta dace ita ce a ce ya nuna, a wace makaranta a Najeriya, kuma wa za a kira a can ya tabbatar. Idan haɗuwar na nufin wani ƙaramin ma'aikaci ya sauke jadawalin Excel duk ranar Juma'a ya ɗora da hannu, ba laifi ba ne, makarantu da yawa a duniya haka suke yi. Amma a rubuta hakan a yarjejeniya, a kuma san wanda aikin ke wuyansa ranar da ya tafi hutu.

Sai batun sunaye, wanda manyan taruka ba su cika kula da shi ba, ga shi kuma shi ne ke fara karya tsari. Manhajojin waje sun ɗauka kowa na da sunan yanka da sunan dangi da ba ya canzawa. A Gombe kuwa yaro kan ɗauki sunan mahaifi, wani ya ƙara na kaka, wani ya ƙara sunan gari, kamar Kumo ko Deba ko Dukku. Muhammad ɗaya na iya zama Mohammed a takardar WAEC, Muhammadu a katin ɗan ƙasa, Moh'd a rasiɗin banki. Masu ranar haihuwa 1 ga Janairu kuma ba su ƙirguwa. Manhajar da ke haɗe bayanai masu kama da juna da kanta tana iya mayar da mutum biyu mutum ɗaya, ko ta raba ɗaya gida uku. Maganin shi ne a gina komai a kan lamba, wato lambar rajistar JAMB da lambar NIN, wadda ta zama wajibi ga masu rajistar jarrabawar tun 2021. Akwai ma fom ɗin da ke ƙin karɓar alamar da ke cikin Asma'u da Mu'azu da Sa'adatu. Gwajin wannan bai wuce minti ɗaya ba, amma da wuya a yi shi kafin a sa hannu.

Hanyar saƙo ma abin dubawa ce. Manhajojin Amurka sun jingina ne da imel, yayin da mai neman gurbi a Tumfure imel ɗinsa mai shago ne ya buɗe masa, kuma wataƙila tun ranar bai sake shiga ba. Abin da ke isa gare shi saƙon tes ne da WhatsApp da kiran waya, sai kuma rediyo idan ana son iyaye su ji. Kowanne da kuɗinsa da tarkonsa. Tun 2016 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta ba jama'a lambar 2442 domin toshe saƙonnin talla, kuma saƙon makaranta da aka tura ta hanyar 'yan talla yana iya maƙalewa a nan. Ga kuma wani abu da ya shafi harshe kai tsaye. Saƙon tes na ɗaukar haruffa 160, amma da zarar an sa harafi mai lanƙwasa guda ɗaya, ƙ ko ɗ ko ɓ, tsarin yakan sauya ya koma 70 kacal. Sanarwar da za ta tafi a saƙo ɗaya sai ta zama uku, kuɗin ma ya ninka haka. Makarantar da ke son yi wa iyaye magana da Hausa, ko da Fulfulde mai irin waɗannan haruffa, gara ta san wannan lissafi tun kafin ta ga takardar biya.

Kuɗi kuwa shi ne inda aka fi yin tuntuɓe. Galibin manyan manhajojin haya ake yi, ana biya duk wata ko duk shekara bisa yawan ma'aikatan da ke amfani da su, kuma da dala. A ɗauki misali kawai: ma'aikata 40, kowanne dala 50 a wata, ya kama dala 24,000 a shekara. A farkon 2023, lokacin da dala ke kusan naira 460 a farashin gwamnati, wannan bai wuce naira miliyan 11 da 'yan kai ba. Bayan an saki naira a watan Yunin shekarar, har dala ta haura 1,500 a farkon 2024, kuɗin ya koma miliyan 36, ba tare da an ƙara ma'aikaci ko ɗaya ba. Babu ma'ajin makarantar da ya tanadi wannan a kasafinsa.

Akwai kuma wata tsohuwar cuta da duk ma'aikacin gwamnati ya sani. Saye na farko yakan samu kuɗi, ko daga kasafin manyan ayyuka ko daga tallafin TETFund, a yi bikin ƙaddamarwa, a ɗauki hoto. Sabunta haya a shekara ta biyu kuwa yakan faɗa kan kuɗin gudanarwa, inda dizal da wutar lantarki da alawus ke kokawa. Idan takardar neman amincewa ba ta nuna daga ina kuɗin shekara ta biyu da ta uku za su fito ba, takardar ba ta cika ba. Wannan ne ya sa bai kamata a raina zaɓin da ba shi da ƙyalƙyali ba. Zoho na Indiya da HubSpot da Dynamics 365 na Microsoft na kasuwanci ne gaba ɗaya, amma ana iya daidaita su da aikin makaranta. SuiteCRM da CiviCRM kyauta ne, duk mai iyawa zai ɗauka ya gyara. Sai dai kyautar ta tsaya ne a lasisi. Dole a riƙe ƙwararru biyu ko uku, kuma matashin da ya iya wannan aiki, albashin gwamnati ba ya daɗe da riƙe shi idan wani kamfani ya yi masa tayin aiki daga gida da kuɗin waje. Kafin duk wannan ma, yana da kyau makaranta ta duba abin da ke cikin dandalin TERAS da TETFund ta ƙaddamar a 2023, kada ta biya kuɗin abin da aka riga aka tanadar mata.

Ta fuskar doka, makarantun tarayya na ƙarƙashin Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007, ayyukan fasahar sadarwa na hukumomin tarayya na buƙatar sahalewar NITDA, kuma umarnin shugaban ƙasa mai lamba 003 na 2017 ya ce a fifita kayan gida. Waɗannan sanannu ne. Wanda ya fi sabo, kuma ya fi cizo, shi ne Dokar Kare Bayanai da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023. A ƙarƙashinta makaranta ce mai alhakin bayanan, ko da kamfani ne ke riƙe da su. Idan aka yi kutse mai haɗari, tana da sa'o'i 72 ta sanar da hukumar NDPC. Tarar manyan masu riƙe bayanai na iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Fitar da bayanai ƙasar waje ma da sharuɗɗansa. Kuma tun da shekara 16 ce mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a, da yawa cikin masu nema yara ne a idon doka. Dokar ta yi sassauci a kan abin da ya shafi karatun kansa, amma saƙon talla ga ɗan shekara 16 wani abu ne daban, kuma lauyan makaranta ya kamata ya faɗi ra'ayinsa a rubuce.

Wanda ke ganin babban kamfani ba ya faɗuwa, ya tuna da Blackbaud. A 2020 masu kutse suka shiga rumbun wannan kamfani na Amurka, wanda ke riƙe wa makarantu bayanan tsofaffin ɗalibai da masu ba da gudummawa. Jami'o'i da dama a Birtaniya, ciki har da York da Leeds, suka shiga ciki. An gano kutsen a watan Mayu, amma sai a watan Yuli aka sanar da su, bayan kamfanin ya biya kuɗin fansa. Jami'o'in ne suka rubuta wa tsofaffin ɗalibansu wasiƙar ban haƙuri. Sakin layi ɗaya a yarjejeniya, mai tilasta wa kamfani ya sanar cikin kwana ɗaya ko biyu, ya fi shafi goma na yabon kai.

Ina za a ajiye bayanan, a ɗakin kwamfuta na makaranta ko a rumbun kamfani ta intanet? Shekarar 2024 ta ba Gombe darasi ta fuska biyu. A watan Maris wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, ayyukan bankuna da na ofisoshi suka yi tsaiko. A watan Afrilu kuma maɓarnata suka lalata turakun babban layin wuta na Jos zuwa Gombe, yankin Arewa maso Gabas ya shafe makonni cikin duhu. Wanda ya ajiye a gida ya sha kuɗin dizal, wanda ya ajiye a waje ya zauna yana kallon allo. Babu zaɓin da ya tsira, illa dai manhajar da ke buɗuwa a ƙaramar waya da sabis mai rauni, wadda kuma ake iya sauke kwafin bayananta duk mako, ta fi sauƙin jure duka biyun.

Duk da haka, abin da ya fi kashe irin waɗannan ayyuka ba ya cikin kwamfuta. Manhajar hulɗa tana fallasa jinkiri. Tana nuna cewa ƙorafin ɗaliba ya kwana 40 a teburin wane, kuma ba kowane tebur ne ke son a gan shi haka ba. A wuraren da neman takardar sakamako ya zama hanyar samun na goro, ba sai an yi wa tsarin zagon ƙasa a fili ba, ƙin shiga cikinsa kawai ya isa. Idan magatakarda da kansa ba ya buɗe rahoton duk ranar Litinin ya tambayi dalili, cikin zango ɗaya kowa zai koma kan fayil da takarda. Haka kuma manhajar da aka saita ta riƙa aika saƙo bisa kalandar da ba ta motsi za ta ba da kunya a ƙasar da yajin aikin ASUU na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Dole ma'aikacin makaranta ya iya dakatar da saƙonni ya sauya ranaku da hannunsa, ba sai an jira injiniya daga Legas ba.

Sai ranar rabuwa, wadda ba a son ambata a ranar ɗaurin aure. Idan haya ta ƙare ko aka sauya kamfani, a wane tsari za a mayar wa makaranta bayananta, cikin kwana nawa, kuma da kuɗi ko babu? Makarantar da ba ta rubuta wannan ba, kamfani ne zai yanka mata farashin sabuntawa yadda ya ga dama.

Akwai gwajin da kwamitin tantance kwangila zai iya yi ba tare da kashe ko sisi ba. Maimakon kallon nunin da mai talla ya shirya a otal, a ba kamfanonin da suka kai zagayen ƙarshe bayanan gwaji na mutum 200, masu sunaye irin na Gombe, da Muhammad iri huɗu da Asma'u da masu ranar haihuwa ɗaya. A sa lambar waya guda a kan mutum 15 daga ciki, kamar yadda mai shago a Tumfure zai yi a ranar cunkoso. Sannan a zuba ido a ga wace manhaja ce za ta lura cewa mutum 15 ba za su zama masu waya ɗaya ba, ta nemi kowannensu ya tabbatar da lambarsa, ta kuma nemi lambar uwa ko uba a matsayin ta biyu. A sa ƙaramin ma'aikacin ofishin ɗaukar ɗalibai ya yi aikin da kansa, a kan wayarsa, mai talla na zaune a gefe ba ya taɓa komai.